Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Ma'aunin Wat da SWR na Haɗin Hannu

Tambayar da masu sha'awar rediyo suka fi maimaitawa kusan iri ɗaya ce. Mutum ya samu tsohon ma'aunin wat da SWR (lambar da ke nuna yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya) irin na kamfanin Heathkit, ko gado ko sayen hannu na biyu, ya jona shi tsakanin rediyon aika saƙo da eriya, sai allura ta ƙi motsi, ko ta nuna wat 60 alhali rediyon na fitar da 100. Me zai fara taɓawa? Abin da bai kamata ya fara taɓawa ba dai shi ne sukurorin saiti na ciki. Su ne na ƙarshe. Wanda ya fara da su, sai ya lulluɓe ainihin matsalar da wata sabuwa.

A riƙa tuna cewa waɗannan na'urori a warwatse aka sayar da su, mai saye ne ya haɗa da hannunsa. Wani gwani ne, wani kuma ranar ya fara riƙe ƙarfen dalma. Saboda haka laifin da ke ciki ba lallai tsufa ya kawo shi ba, yana iya kasancewa tun ranar haɗawa yake nan.

Kayan da za ka tanada

Multimita na dijital mai gwada diyod kuma mai auna mikro'amfa. Lodin gwaji, wato razistar da ke tsayawa a madadin eriya, na om 50 wanda zai ɗauki aƙalla wat 100. Rediyon da za a iya rage ƙarfinsa zuwa wat 5. Gajerun kebul koaks guda biyu masu kan PL-259, waɗanda ka tabbatar da lafiyarsu. Ƙarfen dalma mai siririn baki, da dalmar kanta. Feshin wanke makunni. Sukundireba na roba ko na tangaran don juya tirima, wato ƙaramin kwandansan saiti na ciki. Batir mai bolt 1.5 da razista biyu, ta kilo'om 47 da ta kilo'om 15. Sai littafin haɗawa na samfurin da ke hannunka, ko aƙalla zanen wayoyinsa.

Ta fuskar kashe kuɗi, diyod da razista ba su taka kara sun karya ba, sau da yawa kuɗin aiko su ya fi kuɗinsu. Abin da ke da tsada shi ne lodin gwaji, wanda kan iya fin ma'aunin kansa kuɗi, sai kuma agogon ma'aunin, wato ɓangaren da ke da allura, idan ya mutu, domin ba a ƙera irinsa yanzu. Lodin gwaji ba abin da za a ce a bari sai an zo wurin ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan babu shi, aikin ya tsaya a mataki na 6.

1. Gane irin ma'aunin

Iri biyu ne suka fi yawa, kuma gyaransu ya bambanta.

Na farko yana da sandar ƙarfe a tsakiya da wayoyi biyu miƙaƙƙu a gefenta. Irinsu AM-2 da HM-11 da HM-15 ke nan. Waɗannan SWR kawai suke aunawa, ba su faɗin wat na gaskiya, kuma suna buƙatar ƙarfi mai yawa a zangon mita 80 fiye da na mita 10 kafin allura ta cika. Wannan halinsu ne, ba lalacewa ba ce. Ana iya haɗa su don layin om 50 ko na om 75, gwargwadon razista biyun da mai haɗawa ya zaɓa. Duba zanen ka tabbatar da waɗanda ke ciki, don akwai mutane da dama da suka sha wahalar neman laifi a ma'aunin da tun farko na om 75 ne.

Na biyu yana da ƙaramin zoben ferait da aka naɗe da siririyar waya, layin rediyo ya ratsa ta tsakiyarsa. HM-102 na cikinsu: megahaz 1.8 zuwa 30, da ma'auni biyu, wat 200 da wat 2000. HM-2102 ɗan'uwansa ne na megahaz 50 zuwa 160, wat 25 da 250. HM-2140 yana da agogo biyu, kuma yana amfani da batir mai bolt 9 don nuna ƙololuwar ƙarfin murya.

Gargaɗi: kada ka sa ma'aunin gajeren zango, irin na megahaz 1.8 zuwa 30, a kan megahaz 144. Allura za ta motsa, amma abin da za ta nuna ba shi da ma'ana.

2. Duba da ido da multimita kafin komai

Cire murfi, ka ɗauki hoton ciki ta kowane ɓangare kafin ka kwance waya ko ɗaya. Nemi alamar ƙuna a kusa da zoben da kan allo, da razistar da ta tsage, da gurbin batir da ya yi tsatsa. Shinshina ma. Warin ƙuna ba ya saurin barin akwatin ƙarfe.

Sa multimita a kan om. Daga ramin tsakiyar soket ɗin shiga zuwa na fita ya zama kusan sifili. Daga ramin tsakiya zuwa jikin akwati kada ya nuna haɗewa a irin waɗannan samfura da aka ambata. Akwai dai wasu ma'aunai masu zobe biyu da ke nuna haɗewa da jiki alhali lafiyarsu ƙalau, shi ya sa zanen yake da muhimmanci.

Sannan gwada soket ɗin SO-239 da kan kebul. Idan fil ɗin ya shige sakwaf babu riƙo, yatsun cikin soket sun buɗe. Irin wannan soket shi ke sa SWR ya riƙa hawa da sauka idan an taɓa kebul. Canza shi ya fi matse shi, don wanda aka matse yakan sake saki.

3. Gwada agogo

Wannan matakin shi ke nuna ko ma'aunin ya cancanci wahala, don haka a yi shi da wuri, in da hali tun kafin a biya kuɗi.

Ajiye ma'aunin yadda zai zauna a wurin aiki. Allura ta kwanta daidai kan sifili. Idan ta ɗan kauce, juya sukurun da ke fuskar agogo a hankali. Girgiza akwatin kaɗan: allura mai lafiya takan yi lilo ta koma wurinta.

Yanzu cire waya ɗaya daga bayan agogo. Jona batir mai bolt 1.5 ta cikin razistar kilo'om 47 zuwa agogon. Wannan zai tura kusan mikro'amfa 30. A agogo mai mikro'amfa 100 allura za ta hau kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyarta. Ka lura da nisan tafiyar, ba lambar da ke rubuce ba, domin lambobin wat ba a jere daidai suke ba. Canza zuwa kilo'om 15, allura ta kusa kaiwa ƙarshe. Idan ka sa multimita a layi a kan mikro'amfa, za ka ga ainihin abin da ke cika agogon, ka kwatanta da abin da littafi ya ce.

Gargaɗi: kada ka jona batir kai tsaye, kuma kada ka auna agogo da tsohon multimita mai allura a kan ƙaramin om. Wayar cikinsa ta fi gashi sirantaka, nan take take ƙonewa.

Idan allura na maƙalewa a wuri ɗaya kullum, yawanci ɓarɓashin ƙarfe ne ya manne a maganaɗisu, ko allurar na gogar fuska. Ana ciro ɓarɓashin da siririn yankin salatif, ba da abin ƙarfe ba, kuma ba a hura iska da ƙarfi. Idan kuwa allura na bin yatsanka idan ka shafi murfin roba, wutar gogayya ce ta taru. Goge murfin da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan sabulu, ka bar shi ya bushe da kansa.

4. Wanke makunni da razista mai juyawa

Da yawa daga ma'aunan da ake cewa sun mutu datti ne kawai a makunni. Abin da ke bi ta cikinsu mikro'amfa ne, ɗan tsatsa kaɗan ya isa ya tare shi. Fesa kaɗan a kan haƙoran makunnin, ka juya shi gaba da baya sau da yawa. Haka za ka yi wa razistar da ke kai allura kan alamar SET a fuskar agogo. A samfurin da ake jawo maɓallin waje ko a tura shi ciki, akwai wani makunni a bayansa, kada a manta da shi.

Kada feshin ya taɓa fuskar agogo ko tirima. Bari komai ya bushe kafin a ci gaba.

5. Auna diyod da razista

A nan aikin yake, kuma a nan ake yawan kuskure.

Diyod ɗin waɗannan ma'aunai na jamaniyam ne, irinsu 1N295 da 1N34A. Ɗaya na karanta ƙarfin da ke tafiya, ɗaya na karanta wanda ke dawowa. Ɗaga ƙafa ɗaya ta kowanne daga allo kafin ka auna, in ba haka ba sauran kayan da ke kewaye za su ruɗe ka. Mai lafiya zai nuna tsakanin bolt 0.2 da 0.3 ta gaba. Idan ka ga 0.6 ko 0.7, wani ya taɓa sa na silikon, kuma shi ne dalilin da ya sa ma'aunin ke nuna SWR mai kyau fiye da gaskiya. Ta baya, jamaniyam yakan ɗan yi yoyo, wannan ba laifi ba ne, amma biyun su yi kusa da juna. Idan ɗaya ya nuna ɗaruruwan kilo'om ɗayan kuma 'yan kaɗan, na biyun ya gaji. Tsawa da ta faɗi kusa da eriya takan kashe su.

Idan za ka canza, canza duka biyun. Sayi da yawa, ka auna, ka zaɓi biyu da suka fi kusa da juna, bambancinsu bai wuce milibolt 10 ko 20 ba. A sani cewa da yawa daga abin da ake sayarwa yanzu da sunan 1N34A ba jamaniyam ba ne, Schottky ne aka sa wa sunan. Schottky irin 1N5711 yana aiki, har ya fi jure zafi, sai dai ƙasan ma'auni ba zai bi lambobin fuska daidai ba, kuma dole a sake saiti. Idan tsofaffin suna da lafiya, bar su inda suke.

Gargaɗi: zafi na lalata jamaniyam cikin daƙiƙu. Riƙe ƙafar diyod da filaya tsakanin jikinsa da wurin dalma, ka gama cikin daƙiƙa biyu ko uku. Kuma zoben da ke jikin diyod ya fuskanci inda na tsohon ya fuskanta. Idan aka juya shi, allura baya za ta yi.

Sai razista. Tsofaffin na gawayi, masu launin ƙasa-ƙasa, darajarsu kan hau da shekaru da danshi. Auna kowacce da ƙafa ɗaya a ɗage. Wadda ta wuce iyakar da zobenta na ƙarshe ya nuna, kashi 5 cikin 100 ga na zinariya, kashi 10 ga na azurfa, a canza ta. Waɗanda suka fi muhimmanci su ne na jikin zoben ferait, ko biyun da ke ƙarshen miƙaƙƙun wayoyi a irin na farko. Su ke riƙe da daidaiton ma'aunin gaba ɗaya. Sa na fim ɗin ƙarfe mai darajar da zane ya nuna, mai ɗaukar wat daidai da tsohuwar ko fiye. Kada a sa razistar naɗaɗɗiyar waya, domin a mitar rediyo naɗin waya ce kawai, ba razista ba. Yanke ƙafafu gajeru, ka kwantar da sabuwar daidai inda tsohuwar take.

Kwandansan tangaran ba su cika lalacewa ba. Idan ba su tsage ba, wuce su.

6. Zobe da wuraren dalma

Auna naɗin zoben, kada ya zama a yanke. Idan wayar ta yi baƙi, an taɓa tura masa ƙarfi mai yawa a kan eriya mara kyau. Sake naɗi yana yiwuwa, amma sai an ƙirga zagayen tsohon kafin a warware, a kuma bi hannun da aka bi da kaurin waya iri ɗaya.

Bi wuraren dalma ɗaya bayan ɗaya da tabarau mai ƙara girma. Wanda ya yi dunƙule, ko fari-fari mai tsaga, a sake narka shi da sabuwar dalma. Ƙara matse sukurorin da ke haɗa allo da soket da jikin akwati, don ta nan ne layin ƙasa ke bi. A HM-102 akwatin da ke ɗauke da zoben yana fita daban, kebul mai wayoyi da yawa ne ke haɗa shi da agogo. Wayoyin nan kan karye a bakin shiga, ja kowacce a hankali ka gani.

7. Kawo allurar dawowa kan sifili

Auna lodin gwajinka da farko. Ya kasance tsakanin om 48 da 52. Tsohon Cantenna, wato lodin Heathkit na cikin gwangwanin mai, razistarsa ma kan hau. Idan ka saita ma'auni a kan lodin da ya zama om 60, ka koya masa ƙarya ke nan.

Gargaɗi: tsohon man taransifoma na iya ƙunsar wani sinadari mai guba da ake kira PCB. Idan ba ka san man da ke cikin gwangwanin ba, kada ya taɓa fatarka, kada kuma a zubar da shi a ƙasa ko magudana.

Jona rediyo zuwa soket ɗin shiga, lodi zuwa na fita, babu tuna, wato na'urar daidaita eriya, ko wani abu a tsakani. Zaɓi megahaz 14, yanayin CW (na saƙon Morse) ko FM, wat 5 zuwa 10. Danna, ka kai allura alamar SET, sannan ka koma ɓangaren dawowa. Juya tirima da sukundireban roba har allura ta sauka iyakar saukarta. Ƙara ƙarfi zuwa wat 50 ko 100, buɗe maɓallin SET sosai, ka sake gyarawa. Wannan zagaye na biyu shi ne na gaskiya, domin a ƙaramin ƙarfi diyod ba ya ganin ɗan abin da ke dawowa.

Kowane dannawa kada ya wuce daƙiƙa 10, a bar rediyo da lodi su huce. Wat 100 a kan om 50 ya kai bolt 70 na mitar rediyo, yana ƙona yatsa ƙuna mai zurfi. Kada a kunna amfilifaya muddin akwatin a buɗe yake.

Mayar da murfi ka sake dubawa, don murfin kan ɗan motsa saitin. Sannan gwada megahaz 3.5 da 28. Ɗan motsi kaɗan a 28 abin haƙuri ne. Idan kuwa allura ta ƙi sauka ko ina aka juya tirima, ko dai an juya shiga da fita, ko mai haɗawa ya juya wayoyin zobe, ko wata razistar mataki na 5 ta kuɓuce maka.

Irin na farko ba shi da tirima. Razista biyun nan da tazarar wayoyin daga sandar tsakiya su ne saitinsa. Gwajinsa shi ne a juya shi, rediyo ta soket ɗin eriya: abin da ɓangaren tafiya ya nuna ɗazu, yanzu ɓangaren dawowa ya nuna daidai shi.

8. Saita wat

Idan littafin samfurinka ya ba da hanyarsa, bi ta. In ba haka ba, kana buƙatar abin kwatance, kuma lambar da ke fuskar rediyo ba abin dogaro ba ce sosai. Hanya mafi sauƙi ita ce aron ma'aunin da aka yarda da shi a jera su a layi ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce auna bolt a kan lodin. Jona diyod BAV21 daga tsakiyar lodi zuwa kwandansan tangaran mai mikrofarad 0.01 da ke jure bolt 500, ɗaya ƙafar kwandansan a jikin lodi. Auna bolt a kan kwandansan, ƙara 0.6 na diyod, ninka lambar da kanta, raba da 100. Abin da ya fito shi ne wat. Bolt 70.7 na nufin wat 50, bolt 100 na nufin wat 100. Diyod ɗin yana shan ninki biyu na wannan bolt ta baya, don haka tsaya a wat 50 ya fi kwanciyar hankali. 1N4148 da kowa ke da shi ba zai jure ba, iyakarsa wajen wat 10.

Daidaita rediyo har lissafi ya ba da wat 50, ka juya razistar saiti ta ciki har allura ta zauna kan 50 a ma'aunin 200. Sannan duba wat 20 da 100 ba tare da ka sake juya komai ba. Kada ka yi ta bin ɗan bambanci. An ƙera HM-102 da kuskuren da ya kai kashi 10 cikin 100 na cikar ma'auni, wato wat 20 a ma'aunin 200, wat 200 a na 2000. Shi ya sa karanta wat 100 a ma'aunin 2000 ɓata lokaci ne.

9. Gwada shi da lodin da ka san laifinsa

Sifili a kan om 50 bai isa shaida ba, ma'aunin da diyod ɗinsa na dawowa ya mutu ma sifili zai nuna. Haɗa lodi biyu na om 50 da mahaɗi mai baki uku, su zama om 25: ya nuna 2:1. Om 100 ma 2:1 ne, om 75 kuwa 1.5:1, om 150 kuma 3:1. A ma'auni mai nuna wat ɗin dawowa, 1.5:1 kashi 4 cikin 100 ne, 2:1 kusan kashi 11, 3:1 kashi 25. Yi gwajin da wat 10 zuwa 20, a taƙaice. Rediyoyin zamani kan rage ƙarfi da kansu idan SWR ya hau, don haka sake kai allura SET bayan ka canza lodi.

10. Jonawa a tasha

Ma'auni na zama bayan rediyo ko amfilifaya, kafin tuna. A nan yake nuna abin da rediyon ke gani. Idan kana son sanin halin eriyar kanta, kashe tuna ko ka sa ma'aunin bayanta. Duk lokacin da ka canza zango ko ƙarfi, sake SET.

Abubuwa uku kan sa a zargi ma'aunin da ba shi da laifi. A SSB, yanayin aika murya, allura ba ta iya bin murya, rediyo mai wat 100 kan nuna 30 ko 40, sai a ma'auni mai karanta ƙololuwa. Auna da CW ko FM. Na biyu, doguwar kebul mai asara na ɓoye laifin eriya: idan kebul na cinye rabin ƙarfi, ko an cire eriyar gaba ɗaya 3:1 kawai za ka gani. Na uku, idan SWR ya canza sosai don ka ƙara guntun kebul ko ka dafa akwati, wuta ce ke bin bayan koaks. Maganinta balun, na'urar da ke tare wannan wuta, ko zobban ferait a gindin eriya, sannan a sake aunawa.